Shin kunya da ƙanƙan da kai suna hana mutum arziki?

Sadiƙu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka girme ni kuma suka fi ni sanin duniya a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna. An tarbiyyantar da ni a kan cewa mutumin kirki ba ya yabon kansa, ba ya cusa kansa inda ba a kira shi ba, kuma ba ya matsa wa wanda yake bi bashi. Na riƙe wannan tarbiyya, kuma har yau ina ganin girmanta. Sai dai tun da na fara aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani nake ganin abin da ya saɓa wa abin da aka koya mini. Waɗanda suke iya tsayawa gaban shugabanni su zayyana abin da suka yi, har su ƙara da wanda ba su yi ba, su ne ake ƙara wa girma, shi kuwa wanda ya sunkuyar da kai yana aikinsa sai a yaba masa da haƙuri a bar shi inda yake. Ban taɓa iya buɗe baki na nemi ƙarin albashi ba, kuma akwai mutanen da nake bi kuɗi waɗanda idan na hango su ni ne nake sauya hanya, don kada su zaci bashin na zo tambaya.

Tambayata ita ce: shin kunya da tawali'u suna hana mutum samun dukiya da ci gaba? Idan suna hanawa, to wajibi ne kenan mutum ya zaɓi ɗaya tsakanin halinsa da arzikinsa? Ba lallashi nake nema ba, gaskiyar magana nake so a faɗa mini ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana Sadiƙu. Tambayarka tsohuwa ce, domin an yi irinta tun zamanin sahabbai. Imrana ɗan Husaini ya taɓa karanta hadisin da ke cewa kunya ba ta zuwa da komai sai alheri, sai Bushairu ɗan Ka'abu ya ce shi ya gani a littattafan hikima cewa a cikinta akwai natsuwa, akwai kuma rauni. Imrana ya fusata saboda an kawo maganar littattafai a gaban maganar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun warware matsalar da cewa duk abin da ya hana mutum faɗin gaskiya ko karɓar haƙƙinsa gazawa ce da rauni, kuma ba shi ne halin da aka yaba ba.

Ka dubi Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi. Babu wanda aka fi shaida da kunya a cikin sahabbai kamarsa, har ya zo a hadisi cewa mala'iku ma suna jin kunyarsa. Duk da haka yana cikin manyan attajiran Madina: shi ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, kuma shi ya ɗauki kaso mai girma na shirya rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira. Ka tambayi kanka yadda ɗan kasuwa zai tara irin wannan dukiya ba tare da ya faɗi kuɗin kayansa ba, ba tare da ya ƙi tayin da bai yi masa ba, kuma ba tare da ya karɓi kuɗinsa daga hannun masu saye ba. Tilas ya yi dukkan waɗannan, kuma ba su rage masa kunya ba ko kaɗan. Haka Abdurrahman ɗan Aufu, da ya isa Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Kamun kansa ya hana shi karɓar abin wani, amma bai hana shi shiga cikin 'yan kasuwa ya yi ciniki da su ba.

Game da faɗin abin da ka iya kuwa, Annabi Yusufu ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne kuma masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surar da ke ɗauke da sunansa. Ya faɗi siffofi biyu da aikin yake buƙata, a gaban wanda yake da ikon bayar da aikin, a lokacin da jama'a suke fuskantar shekarun fari, bai ƙara komai a kai ba. Wannan ya sha bamban da mutumin da yake yawo majalisa majalisa yana ba da labarin kansa. Batun bashi kuma, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Da neman haƙƙi abin kunya ne, da ba a umarce mu da tanadar masa hujja tun ranar bayarwa ba. Saboda haka amsata ita ce a'a, ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Abin da yake sa ka sauya hanya idan ka hango wanda kake bi, shi ne abin da ya kamata ka yaƙa, kuma yaƙarsa ba za ta taɓa mutuncinka ba.

Hajiya Rabi ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayaninsa ya gamsar ta fuskar hukunci. Amma tun da ƙanena Sadiƙu ya ce kada a lallashe shi, ni zan faɗa masa cewa e, shiru yana jawo asarar kuɗi, kuma asarar ba ƙarama ba ce. Na daɗe ina aikin ɗaukar ma'aikata da tsara albashinsu, kuma abin da nake gani a ofis ya yi daidai da abin da masu bincike suka auna.

Linda Babcock, masaniyar tattalin arziki a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta bibiyi ɗaliban da suka kammala digiri na biyu a jami'ar, ta tarar kashi 57 cikin 100 na maza sun nemi a ƙara musu a kan albashin farko da aka yi musu tayi, alhali kashi 7 cikin 100 ne kawai na mata suka yi haka. Waɗanda suka nema sun sami ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 a matsakaici. Wani zai ga kamar wannan ba wani abu ba ne, sai dai ƙarin albashi na shekara shekara yawanci kaso ne na albashin da mutum yake kai, kuɗin fansho ma haka, kuma sabon wurin aiki sau da yawa yakan tambayi nawa kake karɓa kafin ya yi maka tayi. Don haka ratar da aka buɗe a rana ɗaya saboda nauyin baki tana bin mutum tana faɗaɗa har ya yi ritaya. Da rashin tayi akan bar arha, kuma a nan mai ɗaukar aiki ne yake cin arhar.

Ina so ka fahimci yadda ake yanke shawarar ƙarin girma, domin mutane da yawa suna zaton akwai wani da yake zaune yana lura da ƙoƙarinsu a ɓoye. Shugaban sashe yana da mutane da yawa a ƙarƙashinsa, yana da nasa shugaban da yake matsa masa, kuma kuɗin da aka ware masa na ƙari ba ya isar kowa. Ranar da zai raba, abin da yake tunawa shi ne abin da aka kawo gabansa. Ga kuma wani abu mai ɗaci: yakan fara ba wanda yake tsoron zai tafi idan an hana shi, ya bar wanda ya tabbata zai yi haƙuri. Ba lallai mugunta ce ta sa shi ba, lissafi ne kawai, amma mai haƙurin ne yake biya. Aikin lissafin kuɗi irin naka ya fi kowane shiga wannan hali, domin idan ka yi shi da kyau babu abin da yake faruwa, kuma babu wanda yake lura da kuskuren da aka hana aukuwa.

Akwai kuma binciken Francis Flynn da Vanessa Bohns na shekarar 2008, inda suka sa mutane su nemi alfarma daga baƙi, bayan sun fara ƙiyasta mutum nawa za su tambaya kafin su samu. Sun tarar mutane suna zaton za a ƙi su fiye da yadda ake ƙin su a zahiri, da rata mai yawa. Ma'ana mai jin nauyi yana hana kansa abin da wataƙila da ya tambaya da an ba shi.

Inda na ɗan saɓa wa Malam shi ne, ban yarda cewa duk asarar daga gazawa take ba. Ko ka koyi faɗin aikinka daidai yadda yake, wanda yake ƙara gishiri zai riga ka a wasu wurare, saboda mutane suna ɗaukar ƙarfin murya a matsayin alamar ƙwarewa. Mu mata kuma abin ya fi yi mana tsanani: binciken da Hannah Riley Bowles ta Jami'ar Harvard ta yi tare da Babcock a 2007 ya nuna cewa macen da ta nemi ƙari takan gamu da ƙyamar da namiji ba ya gamuwa da ita a kan magana iri ɗaya. Don haka wani shirun ba rauni ba ne, sanin abin da zai biyo baya ne.

Nura ya amsa:

Ina girmama Malam da Hajiya, amma ina ganin an ɗora wa hali nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi raba mai dukiya da marar ita shi ne jari, da ilimin da aka samu, da lafiya, da ƙasar da aka haifi mutum a ciki, da mutanen da za su iya buɗe masa ƙofa. Akwai marasa kunya da yawa da suka mutu ba su ajiye komai ba, kuma ba ma jin labarinsu ne saboda ba a rubuta tarihin wanda ya yi ta surutu bai samu ba. Haka nan ba na gamsuwa idan aka kawo misalin attajirai masu sauƙin kai. Akan ce Warren Buffett, hamshaƙin attajirin nan na Amurka, har yanzu yana zaune a gidan da ya saya a garin Omaha a 1958, kuma gaskiya ne, amma mahaifinsa dillalin hannun jari ne kuma ɗan majalisar dokokin Amurka. Sauƙin kan mai kuɗi abin labari ne, na talaka kuwa ko ganinsa ba a yi, domin an ɗauka dole ce ta sa shi.

Shawarata ga ɗan'uwa Sadiƙu ita ce kada ya ɗora wa kansa laifin komai. Idan ya faɗi aikinsa a fili, da hujja, aka ci gaba da fifita masu baki a kansa, to matsalar ta wurin ce, kuma neman wani wurin ya fi sauya hali.

Malama Zainab ta amsa:

Maganar Malam Nura a kan jari da gata gaskiya ce, sai dai Sadiƙu ba shi da ikon sauya inda aka haife shi, yana da ikon sauya abin da zai faɗa a ofis gobe, don haka gara mu tsaya a nan.

A ganina amsar ta danganta da irin mu'amalar da ake ciki. Idan haɗuwa ɗaya ce, kamar ganawar neman aiki ko ciniki da baƙo, mai cika baki yana da rinjaye, saboda ba a da lokacin gwada maganarsa. Idan kuwa mu'amala ce da za ta maimaitu shekara da shekaru da mutane iri ɗaya, to kowace magana za ta zo ranar da za a auna ta da aiki. Elizabeth Holmes, wata 'yar kasuwa a Amurka, ta kai kamfaninta na Theranos darajar dala biliyan 9 a 2014 da alkawarin na'urar gwajin jini wadda ba ta iya abin da aka ce tana yi, kuma manyan mutane sun zuba kuɗinsu saboda yadda take magana ba tare da shakka ba. A watan Janairun 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, daga baya a watan Nuwamban shekarar aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Wannan misali ne na ƙarshen iyaka, na sani, amma ƙananan irinsa suna faruwa a kowace ma'aikata: wanda ya yi alkawarin abin da bai iya ba yakan hau da sauri, sannan a daina ba shi amanar abu mai muhimmanci.

Jim Collins, marubuci a kan harkar gudanar da kamfanoni, ya wallafa wani bincike a 2001, inda shi da tawagarsa suka tace kamfanoni 1,435 suka fitar da 11 da suka tashi daga matsakaicin matsayi zuwa fice na tsawon shekaru. Sun lura cewa shugabannin waɗannan kamfanoni mutane ne marasa son a san su, masu jingina nasara ga abokan aikinsu, amma masu tsananin naci a kan manufar kamfanin. Ba na ɗaukar wannan a matsayin hujja yankakkiya, domin biyu daga cikin kamfanonin, Circuit City da Fannie Mae, sun durƙushe a 2008. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne cewa sauƙin kai da ƙarfin zuciya suna iya zama a jikin mutum ɗaya, kuma na farkon ba ya amfani sai da na biyun.

Akwai riba ta zahiri da mai tawali'u yake samu wadda ba a cika lissafa ta ba. Yana iya cewa bai sani ba, saboda haka yana koyo. Na ƙasa da shi ba sa tsoron kawo masa mummunan labari, saboda haka yana jin matsala tun tana ƙarama. Ba ya kashe abin da ya samu wajen nuna wa mutane cewa ya samu, kuma dukiya tana taruwa ne daga abin da ya rage bayan kashewa. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, kuma ina ganin hikimar haɗa su a magana ɗaya, domin dukkansu biyun hankalinsu yana kan yadda za a gan su, shi ya sa ba sa tambaya. Buffett ɗin da aka ambata ma ya sha faɗin cewa yana saurayi tsoron magana a gaban jama'a yake yi ƙwarai, har sai da ya biya kuɗi ya shiga ajin koyon jawabi. Bai bar sauƙin kansa ba, nauyin bakin kawai ya yi wa magani.

Sadiƙu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan fara. Idan na shiga wurin shugabana, da wace magana zan buɗe baki wadda ba za ta zama yabon kai ba? Batun bashi kuma, wasu daga cikin waɗanda nake bi na san suna cikin matsi, wasu kuwa ina ganin suna hidimominsu lafiya lau.

Hajiya Rabi ta sake amsawa:

Kada ka siffanta kanka, ka siffanta aikin. Ka tanadi takarda guda wadda kake rubuta abin da ka kammala a kowane wata: rahoton da ka fitar a kan lokaci, kuskuren lissafi da ka gano da adadin kuɗin da ya ceto, da aikin da aka ƙara maka wanda ba ya cikin abin da aka ɗauke ka dominsa. Inda wani ya taimaka ka sa sunansa, domin hakan yana ƙara wa takardar gaskiya. Sannan ka nemi shugabanka ya ba ka lokaci na musamman, kuma ka yi haka kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, saboda bayan an rufe ko yana so ba shi da abin ba ka. Ka miƙa masa takardar, ka faɗi adadin da kake nema bayan ka bincika abin da ake biyan masu irin aikinka a wasu wurare, sannan ka yi shiru ka bar shi ya amsa. Masu jin nauyi sukan rage abin da suka nema da bakinsu tun kafin a ce musu komai, don haka ka kiyayi wannan. Idan ya ce ba yanzu ba, ka tambaye shi abin da yake so ya gani da kuma watan da za ku sake zama, ka aika masa da saƙo a rubuce na abin da kuka tsayar.

Malam Habibu ya ƙara da cewa:

Bashin ka raba shi gida biyu kamar yadda ka raba shi da kanka. Wanda yake cikin matsi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi, kuma yafewa ta fi alheri. Amma ka je ka faɗa masa da bakinka cewa ka jinkirta ko ka yafe, domin sauya hanyar da kake yi tana barinsa cikin zullumi, kai kuma tana barinka da ƙullin zuciya. Wanda yake da hali kuwa, hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci zalunci ne. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka ambaci adadin da ranar da ka ba shi, ka tambaye shi ranar da zai biya, idan ya ce ba zai iya gaba ɗaya ba ku yanka shi kashi kashi ku rubuta. Idan ranar ta wuce bai cika ba, sai ka koma tare da mutum guda wanda dukkanku kuke jin nauyinsa.